Yadda Masu Nazarin Rana Suka Yi Fama da Zafinta

Duk wanda ya taɓa duban rufin kwano da tsakar rana a unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde ya ga yadda iska take rawa a samansa kamar kawalwalniya. Wannan rawar ce babbar abokiyar gābar masu nazarin rana, domin iska mai zafi tana karkatar da haske, sai hoto ya dagule.

George Ellery Hale ya gamu da matsalar a 1905 a kan Dutsen Wilson da ke Kalifoniya a Amurka. Na'urarsa ta hangen nesa mai suna Snow a kwance take kusa da ƙasa. Da zarar hantsi ya dubi ludayi, sai ƙasa ta ɗau zafi, madubai su ɗan lanƙwashe, hoto ya lalace. Saboda haka ya ɗaga madubai sama: hasumiya mai tsawon ƙafa 60 a 1908, sannan mai ƙafa 150 a 1912, nesa da hucin ƙasa.

Amma iskar da ke cikin na'urar kanta ma tana ɗumama. A 1969 aka buɗe na'urar da daga baya aka sa wa sunan Richard Dunn a jihar New Mexico, inda aka zuƙe iskar cikin bututun, tunda in babu iska babu abin da zai yi rawa. Sai dai dabarar tana da iyaka. Dole a toshe bakin bututun da gilashi, kuma gilashin da ya wuce faɗin kamar mita 1 yana da wuyar jure nauyin iskar waje ba tare da ya ɓata hoto ba.

Shi ya sa aka bar na'urar Daniel K. Inouye da ke Dutsen Haleakala a Hawai a buɗe. Madubinta mai faɗin mita 4 yana tara zafin da ya kai kimanin kilowat 13 a wuri ɗaya, wanda zai iya narkar da ƙarfe. A nan aka sa wani ƙarfe mai ƙaramar kafa da ruwa ke sanyayawa, ya tare mafi yawan hasken, kaɗan ya wuce. Bututun sanyayawa fiye da kilomita 11 sun ratsa ginin, kuma da dare ake haɗa ƙanƙarar da za ta taimaka da rana. Hotunanta na farko sun fito a Janairun 2020, suna nuna fuskar rana tana tafasa kamar kunu a tukunya.