Taurari Bakwai a Kan Kuɗin Sarki Tenmu

Ya ku 'yan makaranta, kun saba jin labarin zamanin da daga bakin malamai da littattafai. Yau kuwa za mu ba ku labarin wani ɗan kuɗi na ƙasar Japan, wanda bai fi ƙurar tafin hannun yaro ba, amma ya sa aka gyara littattafan tarihi na ƙasar nan tasu.

Shekaru da yawa abin da ake koya wa yaran Japan shi ne, kuɗin farko da sarakunansu suka buga sunansa Wado Kaicin, an kuwa zuba shi a shekara ta 708. Amma akwai wani kuɗi dabam, ana ce da shi Fuhonsen, wanda masu tara tsofaffin kuɗi suka sani tun da daɗewa. Ba su ɗauke shi a bakin kuɗin ciniki ba. Laya suke ce masa, irin wadda ake yi don kore masifa. Ba ma ganin laifinsu ƙwarai, gama wanda duk ya dubi zanen da ke kansa zai iya yin wannan zato.

Ga siffarsa. Jan ƙarfe ne kewayayye, faɗinsa wajen santimita biyu da rabi, nauyinsa giram huɗu da 'yan kai. Yana da huda a tsakiya kamar kwabon da kakanninmu suka kashe, sai dai tasa hudar mai kusurwa huɗu ce. Sama da ƙasa akwai haruffa biyu irin na mutanen Sin, watau "fu" da "hon", ma'anarsu tushen arziki. Dama da hagu kuwa, inda aka saba sa rubutu, sai aka yi ɗigo bakwai bakwai, ɗaya a tsakiya, shida sun kewaye shi.

To, a nan maganar take. Masana na Sin tun zamanin da sun ce sama kewayayya ce, ƙasa kuwa mai kusurwa huɗu, don haka wanda ya riƙe kuɗin nan ya riƙe misalin sama da ƙasa ke nan a hannunsa. Ɗigon nan bakwai kuma su ne fitilun sama bakwai: rana, da wata, da taurarin nan biyar da malamanmu ke kira Mushtari, da Mirrihu, da Zuhalu, da Zahra, da Uɗaridu. A wurinsu rana ita ce "yang", watau haske da zafi, wata kuwa "yin", watau duhu da sanyi. Taurarin biyar kuma kowanne da abin da yake wakilta: Mushtari itace, Mirrihu wuta, Zuhalu ƙasa, Zahra ƙarfe, Uɗaridu ruwa. Suka ce in waɗannan bakwai suna tafiya bisa ƙa'ida, to, damina ta yi kyau, ƙasa ta zauna lafiya. Wannan ilmi ba na mabiya tafarkin Tawo ne kaɗai ba, dukan masanan Sin suna aiki da shi, amma mutanen Tawo su ne suka fi riƙe shi, suka gina ibadarsu da magungunansu a kansa. Har yau ma sunayen kwanakin mako na Japan daga fitilun nan bakwai aka ɗauko su.

A shekara ta 1998 masu tonon kayan tarihi suna aiki a wani wuri da ake kira Asuka-ike, cikin lardin Nara, sai suka tarar da tsohuwar maƙera ta sarki. A ciki suka sami kuɗin nan guda 33, yawancinsu fasassu ne waɗanda zubinsu bai yi kyau ba, tare da guntayen abin zubin. A wannan ƙasa da suka tono kuwa akwai wani ɗan allo mai ɗauke da shekara ta 687. Nan take aka tuna da abin da ke cikin Nihon Shoki, littafin tarihin da aka gama a 720, inda aka ce a shekara ta 683 Sarki Tenmu ya yi doka a riƙa kashe kuɗin jan ƙarfe, a bar na azurfa. Ashe abin da ake kira laya ya girme wa Wado Kaicin da shekara ashirin da wani abu.

Shi Tenmu ɗin nan ba gadon sarauta ya samu a kwance ba. Yaƙi ya yi da ɗan ɗan'uwansa a 672, ya ci, ya hau. Wanda ya hau da takobi kuwa yana bukatar abin da zai nuna wa talakawa cewa sama ma ta yarda da shi. Tarihi ya ce ya san ilmin taurari, a 675 kuma aka gina masa hasumiyar duban su. A 684 da ya tsara darajojin manyan gidaje guda takwas, sai ya sa wa ta farko suna Mahito, kalmar da mutanen Tawo ke kiran wanda ya kai matuƙar kamala. Saboda haka, a ganinmu, ɗigon nan bakwai ba ado ba ne. Sarki ne yake faɗa wa duk wanda kuɗin ya shiga hannunsa cewa tafiyar rana da wata da taurari tana daidai a zamaninsa.

Duk da haka gardama ba ta ƙare ba. Waɗansu masana suna cewa kuɗin ciniki ne sosai, don girmansa da nauyinsa kusan ɗaya suke da na kuɗin Sin da aka fara zubawa a 621, sa'an nan kuma sarki na bukatar abin biyan ma'aikatan da ke gina sabon birninsa na Fujiwara. Waɗansu kuwa sun ce bai yaɗu cikin kasuwa ba, don ibada aka yi shi. Mu dai muna ganin mutanen wancan zamani ba su raba abubuwan nan biyu kamar yadda muke rabawa ba. A 2007 aka tono wata 'yar tukunya a harabar fadar Fujiwara, wadda aka binne don neman tsari ga ginin. Cikinta akwai duwatsu masu ƙyalli guda tara, a bakinta kuma an cusa kuɗin Fuhonsen guda tara.