Igiya, Keke da Jagora: Tarihin Kewaya Dutsen Sella

A arewa maso gabashin Italiya, cikin jerin duwatsun da ake kira Dolomiti, akwai wani gawurtaccen dutse mai suna Sella, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 3,152. Kwaruruka huɗu ne suka kewaye shi, watau Gardena da Badia da Fodom da Fassa, kuma daga kowane kwari zuwa na kusa da shi sai an bi ta wani mashigi a can sama. Mafi ƙanƙanta a mashigan shi ne Campolongo, mai mita 1,875. Na Pordoi kuwa ya kai 2,239. A zamanin nan, daga ƙarshen watan Yuni zuwa Satumba, baƙo yakan tashi da hantsi ya yi hayar keken hawan dutse mai batir, ya bi bayan jagora, ya kewaye dutsen nan kaf, tafiyar kusan kilomita 60, ya kuma koma masaukinsa kafin la'asar sakaliya. Inda hawa ya yi tsanani sai a loda shi da kekensa a motar igiya, watau wani ɗan ɗaki mai tagogi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, inji yana jan sa daga gindin dutse zuwa bisa. Sunan kewayen nan Sellaronda.

Wanda ya yi wannan yawo zai ɗauka abu ɗaya ne aka shirya masa. Alhali kuwa abubuwa uku ne suka haɗu, kowanne da asalinsa dabam, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da aka fara dominsa.

Mutanen kwarurukan nan su ne Ladinawa. Harshensu, Ladinanci, jikan Latin ne kamar Italiyanci da Faransanci, amma ba karin ɗayansu ba ne. Masanin harsuna Graziadio Ascoli ya yi masa cikakken nazari a 1873. Masu magana da shi ba su wuce kimanin 30,000 ba, kuma kowane kwari da nasa kari. A wurinsu, shekaru aru-aru, dutse wurin wahala ne. Rani gajere ne, ƙasa ba ta ba da hatsi isasshe, saboda haka rayuwar gida ta dogara ga shanu, rayuwar shanu kuma ta dogara ga ingiricin da aka yanko a filayen ciyawa na sama. Akan tara shi a 'yan bukkokin katako, in sanyi ya shigo a jawo shi ƙasa a kan dusar ƙanƙara. Hanyoyin da keken baƙo yake bi a yau, da yawansu sawun wannan aiki ne. Mutanen Gardena sun ƙara da sassaƙa tun ƙarni na 17, suna yin gumakan coci da 'yartsanar katako, 'yan koli suna goya su a baya suna kai wa kasuwannin Turai. Ba wanda yake hawa ƙololuwa don ya ga abin da ke can, tunda babu ciyawa a kanta.

Cikin abubuwa ukun nan jagora ne ya fara bayyana. Bayan da Bafaranshe Déodat de Dolomieu ya bayyana irin dutsen wurin a 1791, har aka sa wa duwatsun sunansa, sai masu bincike da masu neman suna suka fara zuwa daga Ingila da Jamus da Ostiriya, wadda yankin yake ƙarƙashinta a lokacin. Suna da kuɗi da taswira, amma ba su san inda ƙafa za ta tsaya ba. Sai suka nemi maharba da makiyaya. A 1864 Paul Grohmann, mutumin Biyana, ya hau ƙololuwar Marmolada, dutse mafi tsawo a yankin, tare da jagorori biyu na gidan Dimai daga Ampezzo. Littattafan tarihi sukan fara ambaton sunan baƙon, ko da yake ba shi ne a gaba ba. Sannu a hankali jagoranci ya zama sana'a mai lasisi da ƙayyadadden lada. Wasu jagororin ma sun fi iyayen gidansu suna, kamar Tita Piaz na Fassa, wanda aka yi wa laƙabi da Shaiɗanin Dolomiti saboda irin wuraren da yake maƙalewa. A 1909 aka gama babbar hanyar mota daga Bolzano zuwa Cortina, ta bi ta mashigin Pordoi, baƙi suka ƙaru, gidajen saukar baƙi suka fara tsirowa a inda da sai bukkar makiyayi.

Ita kuwa igiya daga ramin ma'adinai ta fito. A 1834 wani jami'in haƙar ma'adinai a Jamus, Wilhelm Albert, ya murɗa wayoyin ƙarfe ya yi igiyar da ta fi ta rama da sarƙa ƙarko. Daga shekarun 1870 kamfanin Adolf Bleichert na Leipzig ya shiga kafa layukan igiya masu ɗaukar gawayi da duwatsu da katako a sama, su tsallake kwazazzabo da kogi ba tare da gada ba. An daɗe ana jin tsoron ɗora mutum a kai. Wanda ya yi ƙarfin hali a wannan yanki wani mai gidan saukar baƙi ne a Bolzano, Josef Staffler, wanda yake da masauki a kan tudun Kohlern, baƙi kuma suna ƙyamar hawan. A watan Yuni na 1908 ya buɗe motar igiya mai ɗaukar mutane, ɗaya daga cikin na farko a duniya. Hukuma ba ta gamsu da ingancinta ba, aka tsayar da ita bayan 'yan shekaru kaɗan, aka sake gina ta da ƙarfi. Abin lura a nan shi ne, tun ranar farko manufar ita ce a kai mai kuɗi inda ƙafarsa ta ƙi zuwa.

Amma abin da ya cika duwatsun da igiyoyi yaƙi ne. A watan Mayu na 1915 Italiya ta ɗaura yaƙi da Ostiriya, fagen daga ya ratsa ta tsakiyar ƙasar Ladinawa. Sojoji suka yi sansani a kan ƙololuwai, rani da hunturu, inda alfadari ba ya iya kaiwa. Kowane burodi da itacen hura wuta da harsashin igwa sai an kai shi sama, kowane mai rauni sai an sauko da shi. Ɓangarorin biyu suka kafa ɗaruruwan layukan igiya. A Gardena aka sa fursunonin yaƙi, Rashawa, suka shimfiɗa layin dogo cikin 'yan watanni, kayan da jirgin ya kawo kuma igiyoyi suka ɗauka suka haye mashigai da su. Kwarin Fodom ne ya fi shan wuya: aka kwashe mutanensa, aka ragargaza ƙauyukansa. Dutsen Col di Lana da ke bisansu, Italiyawa sun kasa cin sa da hari, sai suka haƙa rami a ƙarƙashinsa suka cusa nakiya wajen tan 5, suka tashe ƙololuwar da masu tsaronta a watan Afrilu na 1916. A ranar 13 ga Disamba ta wannan shekara dusar ƙanƙara ta zaftaro a Marmolada ta binne sojojin Ostiriya kusan 300 a barikinsu. Mai keke da ya gangaro daga Pordoi zuwa Arabba yana wucewa kusa da makabartar sojojin Jamus da Ostiriya; ko ya san da ita ko bai sani ba, ya danganta ga jagoransa.

Da yaƙi ya ƙare, yarjejeniyar 1919 ta ba Italiya yankin. Gwamnatin Mussolini ta raba Ladinawa tsakanin larduna uku, Bolzano da Trento da Belluno, rabon da yake nan har yau, shi ya sa kewayen yini ɗaya yake ratsa larduna uku alhali al'umma ɗaya ce. Daga cikin injiniyoyin da suka koyi aiki a fagen daga akwai Luis Zuegg, mutumin Lana. Ƙarancin ƙarfe lokacin yaƙi ya koya masa cewa in aka ɗaure igiya tamau, za a rage yawan ginshiƙai, mota ta ƙara gudu, igiyar ma ta fi daɗewa. A 1923 ya gwada wannan a layin Merano zuwa Avelengo, daga baya ya haɗa kai da kamfanin Bleichert, tsarinsu ya bazu a duk tsaunukan Alps. Dabarar da aka ƙago don kai harsashi ita ce ta koma kai masu shaƙatawa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ya zama abin yayi, hunturu da yake lokacin zaman ɗaka da yunwa ya koma kakar samu. A Corvara aka kafa layin kujeru masu rataye tun ƙarshen shekarun 1940. A farkon shekarun 1960 aka ja igiya daga mashigin Pordoi zuwa kan Sass Pordoi, mita 2,950, da himmar Maria Piaz, 'yar'uwar jagoran nan Tita. A 1974 masu layukan suka haɗu a ƙungiyar Dolomiti Superski, tikiti ɗaya ya wadatar a kwaruruka da yawa, kewaya Sella a yini guda ya zama abin da kowane matsakaicin ɗan wasa zai iya. Ba a samu wannan a banza ba. A Cavalese, cikin kwarin Fiemme da ke maƙwabtaka da Fassa, motar igiya ta faɗo a 1976, mutum 43 suka mutu. A 1998 kuma jirgin saman sojan Amurka da ya yi ƙasa fiye da ƙa'ida ya tsinke igiya a wuri guda, ya hallaka mutum 20.

Keke shi ne auta, kuma daga nesa ya zo. Lalle masu tseren keke na Italiya sun daɗe suna hawa Pordoi a kan kwalta, har akwai abin tunawa da Fausto Coppi a mashigin. Amma keken da ke barin titi ya shiga duwatsu, samarin gundumar Marin ta Kalifoniya ne suka raya shi. A 1976 suka fara tseren gangara da tsofaffin kekuna masu faɗin taya. Birkin yakan yi zafi har man da ke ciki ya ƙone, dole a sake cusa wani bayan kowace gangara, daga nan tseren ya sami sunansa, Repack. Joe Breeze ya ƙera keke musamman don wannan a 1977, kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa a 1981, a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik. Masu layukan igiya a Alps suka ga dama: injinan da ke zaune banza duk rani za su iya ɗaukar keke kamar yadda suke ɗaukar ɗan zamiya.

Sai dai igiya ba ta kaiwa ko'ina. Tsakanin inda wannan layi ya sauke mutum da inda wancan zai ɗauke shi akwai hawa, kuma a tsayin mita 2,000 numfashi yakan gaza. Batir ne ya cike wannan giɓi. Kamfanin Yamaha na Japan ya fara sayar da keken da injinsa ke taimakon mai taka feda a 1993, wajen 2010 kuma injin Bosch ya shiga kekunan dutse na Jamus. Dokar Tarayyar Turai ta ɗauke shi keke, ba babur ba, muddin ƙarfin injin bai wuce wat 250 ba, ba ya aiki sai ana takawa, kuma yana ɗaukewa in gudu ya kai kilomita 25 a awa. A 2019 hukumar tseren keke ta duniya ta shirya masa gasar farko a Kanada. Da haka dattijo mai shekara 65 da ɗan birnin da bai taɓa hawa tudu ba suka sami hanyar zuwa inda da sai ƙarfafan samari.

Nan ne aikin jagora ya sake samun daraja, sabanin abin da aka zata. Inji yana kai mutum sama, amma ba ya koya masa saukowa. Keken batir ya fi kilo 20, gangara kuwa tsakuwa ce mai santsi, wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi sai ya tsinci kansa a ƙasa. Jagora ne ke duba sararin sama ya san hadari zai taso da azahar, shi ke lissafin sauran batir da lokacin da layi na ƙarshe zai rufe, gama wanda ya makara a wani kwari sai ya nemi mota ko ya kwana can. Shi ne kuma ke hana ayarinsa ratsa ciyawar da ba a yanka ba, ya sa a rufe ƙyauren shinge bayan an wuce. Sau da yawa yakan yi wa baƙi Jamusanci ko Italiyanci ko Ingilishi, ya juya ya gai da mai kula da layi da Ladinanci.

Kuɗin baƙi ya tsayar da ƙaurar da ta kwashe mutanen kwaruruka da yawa na Alps, ya kuma taimaki harshen ta wata fuska. A Gardena da Badia yara suna karatu da Jamusanci da Italiyanci tare da darasin Ladinanci, akwai cibiyar nazarinsa ta Micurá de Rü tun 1976, kuma tun 1989 ana aikin hukuma da shi. A Fodom, da ke lardin Belluno, kariyar ba ta kai haka ba. Ta ɗaya fuskar kuwa, farashin gidaje ya fi ƙarfin samarin wurin, ma'aikatan otal daga waje suke zuwa, harshen ciniki kuma ba Ladinanci ba ne.

Dogaro ga rani yana ƙaruwa ne domin hunturu ya daina cika alkawari. Yawancin filayen zamiya yanzu da dusar inji ake rufe su. A ranar 3 ga Yuli 2022, cikin tsananin zafi, wani ɓangare na ƙanƙarar Marmolada ya ɓalle ya kashe mutum 11. UNESCO ta sa Dolomiti cikin wuraren gadon duniya a 2009, abin da ya ƙara jawo jama'a. A 2017 aka gwada rufe mashigin Sella ga motoci ranakun Laraba na Yuli da Agusta, masu gidajen abinci suka yi ƙorafi, gwajin bai ɗore ba. A 2025 kuma wasu manoma masu filayen ciyawa a Seceda, bisa kwarin Gardena, da suka gaji da dubban mutanen da motar igiya ke juye musu kullum suna tattake ciyawa don ɗaukar hoto, suka kafa ƙofar ƙarfe a kan hanya suna karɓar Yuro 5 daga kowane baƙo. Hujjarsu ita ce kamfanin igiya ne ke cin riba, su kuwa sai ɓarna da shara. Mazauna yankin da ƙananan yara ba a karɓi kome daga gare su ba.