Yadda Jan Kwanon Afirka Ya Mamaye Kasuwannin Rumawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin masu tukwane ranar kasuwa a Madawa, ko Buza, ko Keita, ya san tulu iri biyu ne ko da yumɓunsu ɗaya. Akwai wanda aka bari da fuskarsa ta ƙasa, akwai kuma wanda maginiya ta shafe da ruwan jar ƙasa, ta goge shi da dutse mai santsi kafin ya shiga wuta. Wannan shafen, da mu a Adar ba mu ɗauke shi abin labari ba, a kansa aka gina wata sana'a da ta yi shekara kusan 600 tana cika kasuwannin daular Rum. Cibiyarta kuma a nahiyarmu take, a ƙasar da yau ake kira Tunisiya.

Ba mutanen Afirka ne suka fara ba. Wajen shekara 30 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), magina a garin Arezzo na Italiya suka shahara da kwanuka jajaye masu sheƙi, kowane da hatimin mai masana'anta a cikinsa. Daga nan sana'ar ta haura kudancin Faransa ta yau, inda wani wuri mai suna La Graufesenque ya gagari kowa a ƙarni na 1. Maginan wurin sun bar mana lissafinsu, sun karta shi a jikin farantai, kuma ya nuna tanderu guda yakan ɗauki kwano kusan 30,000 a gashi ɗaya. Da dutse ya yi aman wuta ya binne garin Pompeii a shekarar 79, cikin abin da toka ta rufe har da akwatin wani ɗan kasuwa da ba a kai ga kwancewa ba, ɗauke da kwanukan Faransa 90 da fitilu 37. Ka ga ke nan tun a lokacin baƙon kaya ya soma cin kasuwar Italiya a gidanta.

Sheƙin nan ba ruwan gilashi ba ne irin na tangaran. Yumɓu ne kawai. Ana dama shi a ruwa, a bar shi ya kwanta, tsakuwa da yashi su nutse, a tsiyaye lallausan da ke sama, a maimaita har sai ya zama kamar koko. A cikinsa ake tsoma kwanon bayan ya sha iska. Sauran aikin na wuta ne. Yumɓun yana da sinadarin ƙarfe, wanda kan yi ja idan iska ta wadata a wurin gashi, ya yi baƙi idan hayaƙi ya rufe shi. Kowace maginiya ta san wannan da idonta, don shi ne ke sa tulu ya fito da tabon baƙi a gefen da kara ko kashin shanu ya danne shi. Inda Rumawa suka yi zarra shi ne raba kaya da hayaƙi. A Faransa sun bi da wutar ta cikin bututun yumɓu, zafi ya ratsa amma harshen wuta bai taɓa kwano ba. A Afirka kuwa sai suka riƙa jera farantan cikin wasu kwatarniyoyin yumɓu, a ɗora wannan kan wancan har tanderu ya cika. Shi ya sa faranti dubu ke fitowa da launi ɗaya, ja mai ratsin ruwan lemo.

Rumawa sun rushe birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, a shekara ta 146 kafin Miladiyya, suka mai da yankin lardi, suka sa masa suna Afirka. Sai a ƙarshen ƙarni na 1 maginan lardin suka soma kwaikwayon kayan Italiya da Faransa. Kafin ƙarni na 3 ya yi nisa sun kori iyayen gidan nasu daga kasuwannin Bahar Rum. Masu tonon tarihi sun gano masana'antun a El Mahrine da Bordj el Djerbi cikin kwarin kogin Majarda, da Oudhna kusa da Tunis, da Sidi Khalifa, da kuma Sidi Marzouk Tounsi can tsakiyar ƙasar.

To me ya ba su wannan rinjaye? A ganina ba kyau ba ne, don wanda ya ajiye kwanon Arezzo kusa da na Afirka zai ce na farkon ya fi sheƙi. Sirrin yana cikin jirgin ruwa. Lardin Afirka shi ne rumbun birnin Rum. Kowace shekara jirage na tashi daga Kartaj maƙare da alkama, wadda gwamnati ke rabawa talakawan birnin, ga kuma tulunan man zaitun. Faranti abu ne da ke shiga cikin ɗan'uwansa, ba ya cin wuri, sai a cusa shi a duk inda aka sami sarari. Kamar dai motar da ta yi lodin albasa daga Madawa za ta Abijan: albasar ce ta biya kuɗin hanya, ɗan ƙunshin da aka ɗora a sama kusan a banza ya je. Magini a wani lardin da zai biya dakon kayansa shi kaɗai ba shi da yadda zai yi da irin wannan farashi.

Kayan da kansu sun yi ta sauya kama. A ƙarni na 3 da na 4 an yi manyan farantai masu faɗi, irin na cin taro, ana kwaikwayon tasoshin azurfa na masu hali, a liƙa musu siffar zaki ko kifi ko mafarauci da aka fitar daga mazubi. Daga baya aka koma buga hatimi a tsakiyar faranti: ganyen dabino, da'ira, sannan da Kiristanci ya kafu sai gicciye da kurciya da ɗan rago. An tsinci tsingaronsu daga Masar da Siriya har Tintagel a kudu maso yammacin Ingila.

Ta kudu ma sun shiga Sahara. A Fezzan ta Libiya, a Jarma, babban birnin mutanen da Rumawa ke kira Garamantes, an tono jajayen kwanukan nan da tulunan mai a cikin kaburbura. A Abalessa ta ƙasar Ahaggar, kabarin da Buzaye ke dangantawa da kakarsu Tin Hinan, wanda aka buɗe a 1925, an sami fitilar Rumawa a cikinsa.

Abin mamaki, sauyin sarauta bai kashe sana'ar nan take ba. 'Yan ƙabilar Vandal sun ƙwace Kartaj a 439, aka ci gaba da gashi. Rumawan Gabas suka karɓe ta a 533, aka ci gaba. Abin da ya ci ta a hankali shi ne raguwar jiragen. Birnin Rum ya zube, masu cin alkamar suka ragu, kasuwa ta tsuke, shafen ya yi ta sirancewa, aikin ya yi ta muni. Lokacin da jagoran rundunar Musulmi, Hassan ibn al-Nu'man, ya ci Kartaj a 698, sana'ar tana kan gargara. A ƙarni na 9, zamanin Aglabawa, kayan da ake yayi a yankin Ƙairawan masu ruwan gilashi ne, kore da rawaya.

A 1972 wani masani ɗan Ingila, John Hayes, ya wallafa littafin da ya jera siffofin kwanukan kusan 200, kowace da zamaninta. Har gobe da lambobinsa ake aiki: mai tono ya ɗauki guntun bakin faranti a Sifen ko a Fezzan, ya duba lanƙwasarsa, ya faɗi ƙarnin da aka zauna a wurin.