Tarihin Jirgin Ruwa Mai Suna Sirius, 1837 zuwa 1847

A farkon ƙarni na 19 jiragen ruwa masu tafiya da tururi ba su yin nisa da gaɓa. Aikinsu shi ne jigilar fasinja da kaya daga wannan tasha zuwa waccan, domin kuwa kwal ɗin da suke ci yana da yawa, ga kuma gishirin ruwan teku yana daskarewa a cikin tukunyar injin. Saboda haka masana da yawa suna ganin jirgin tururi ba zai iya ƙetare Tekun Atlantika da ƙarfin injinsa ba.

A cikin wannan hali ne aka ƙera Sirius a garin Leith na ƙasar Sikotland a shekarar 1837. Jirgin katako ne mai nauyin tan 703, da ƙafafun tuƙi biyu, ɗaya a kowane gefe. An yi shi ne domin ɗaukar fasinja tsakanin Landan da Cork ta ƙasar Ailan. Amma an sa masa wata na'ura da Samuel Hall ya ƙirƙiro, wadda ke mai da tururi ruwa a sake amfani da shi, watau injin ya huta da ruwan gishiri ke nan.

A lokacin nan kamfanoni biyu na gasar fara kai fasinja Amurka. Ɗaya yana da babban jirgi, Great Western, wanda injiniya Brunel ya tsara. Ɗayan kuwa, na su Junius Smith da Macgregor Laird, nasa jirgin bai kammalu ba, sai ya yi hayar Sirius don kada a riga shi. Wannan Laird shi ne ya shigo Kogin Kwara a 1832 da jirage biyu, ɗaya daga ciki ana kiransa Alburkah, watau albarka.

Ran 4 ga Afrilu 1838 Sirius ya tashi daga Cork, Richard Roberts yana jagorancinsa. Ya sha fama da iska da igiyar ruwa, sa'an nan ya isa New York ran 22 ga wata, bayan kwana 18, kwal ɗinsa ya kusa ƙarewa. Kashegari Great Western ya iso, alhali kuwa ya tashi daga Bristol kwana huɗu a bayansa. Sirius ya sami suna, amma 'yan kasuwa sun lura cewa babban jirgi ya fi sauri, ya kuma fi rarar wurin kaya. Daga nan hankalin kamfanoni ya koma kan ƙera manyan jirage.

Sau biyu kaɗai Sirius ya je Amurka, ya komo bakin aikinsa na gaɓa. Ran 16 ga Janairu 1847, yana kan hanyar Cork daga Glasgow, ya auka kan duwatsu cikin hazo kusa da Ballycotton. Wani kwalekwalen ceto da aka cika fiye da kima ya kife, mutane wajen 20 suka halaka. Wannan hasara ce ta sa hukuma ta gina hasumiyar fitila a tsibirin Ballycotton, aka kunna ta a 1851 domin shiryar da jiragen da ke bin wannan gaɓa da dare.