Hani da Makari: Hasashen Sauyin Dabaru Bayan Haramci a Damben Gargajiya da Wasan Pokémon

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke samun dabarun wasan gasa idan aka haramta wani makami ko wani salo. An auna damben ƙasar Kankiya da Kusada da ma'aunin masu nazarin wasan Pokémon. An gano cewa babban sauyi yana fitowa daga wuri biyu: abin da haramtaccen salon ya danne, da makarin da aka tanada dominsa. Da wannan aka bayyana dalilin da ya sa shuri ya yi ƙarfi a dambe bayan an raba shi da kokawa.

Gabatarwa

Wanda ya tsaya kallon dambe bayan kaka a ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada, har zuwa wajen Dudunni, zai ji dattawa suna maimaita ƙorafi guda: damben yanzu ƙafa ta yi masa yawa. A saninsu, ɗan dambe da hannu yake kisa. Ƙorafin nasu gaskiya ne. Dalilin da ake dangantawa da shi ne bai gamsar da ni ba, kuma shi ya tayar da wannan bincike. Tambayar ita ce, in an hana wani abu a wasan gasa, za a iya faɗin inda dabaru za su karkata tun kafin a gani da ido?

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Yawancin rubuce-rubuce kan dambe sun fi karkata ga kirari, da asirai, da dangantakarsa da sana'ar fawa, da waƙoƙin makaɗa irin su Ɗan Anace da ya yi wa ɗan dambe Shago waƙa. Edward Powe, a littafinsa na 1994 kan wasannin faɗa na Arewacin Nijeriya, ya siffanta kayan damben da tsarinsa. Ayyuka ne masu amfani, sai dai sun ɗauki dabarun wasan tamkar gado da ba ya motsi.

Inda aka yi nisa a kan wannan tambaya shi ne wasan Pokémon, wanda ya fito a Japan a 1996. A gasarsa, kowane ɗan wasa yana zaɓar dodanni shida daga cikin ɗaruruwa, kowanne da abin da yake ci da abin da ke cin sa: na ruwa yana cin na wuta, na wuta yana cin na ciyawa, na ciyawa yana cin na ruwa. Ƙungiyar Smogon, wadda aka kafa a 2004, tana rarraba dodannin aji-aji gwargwadon yawan amfani da su a dandalin Pokémon Showdown, tana fitar da ƙididdiga kowane wata, kuma ƙwararrun 'yan wasa kan jefa ƙuri'a su kori dodon da ya fi ƙarfin ajinsa. A 2024 Akash Saravanan da Matthew Guzdial na Jami'ar Alberta a Kanada suka gabatar da tsarin da kwamfuta ke haɗa tawagogi, ta gwabza su da juna sau da yawa, ta hasaso waɗanda za su yi tashe bayan an kori wani dodo. Aikin ya burge ni, amma ina da ja a kan abin da mai karatu zai iya ɗauka daga gare shi, wato hasashe ba ya yiwuwa sai da tarin ƙididdiga da na'ura. Na'urar tana ba da jerin sunaye, ba ta ba da dalilin da za a ɗauka a kai wani fage. Ni dalilin nake nema.

Sai ra'ayin da ya fi yawo a bakin 'yan kallo, har wasu masu ilimi suka karɓa ba tare da bincike ba: wai shuri daga finafinan Sin da damben zamani na talabijin ya shigo. Ban musanta cewa matasa sun ga siffar wasu shure-shuren a fim ba. Amma gani daban, ci da abu a fage daban. Matasan sun ga abubuwa da yawa a fim waɗanda ba su taɓa zama dabarar dambe ba, domin wanda ya gwada su ya sha ƙasa. Kuma ƙafa ba baƙuwa ba ce a dambe, tunda akayau da a da ake ɗaurawa a ƙafar gaba ya girmi majigi. Ra'ayin fim bai amsa abin da ya sa shuri ya daina jawo wa mai yin sa asara ba.

Hanyar Bincike

An kwatanta hani uku na dambe da hani guda na Pokémon wanda tarihinsa ke a rubuce. An kalli dambe a fagagen karkara na yankin da faifan bidiyon gidajen dambe na birni, an kuma zauna da tsofaffin mahauta da suka taɓa sa zare. Kowane hani an yi masa tambaya uku: me ya cire, me ya rayu saboda abin da aka cire, me kuma abin ya hana rayuwa.

Sakamako

Misalin Pokémon shi ne dodon ruwa Dracovish, wanda ya zo da wasan Sword da Shield a 2019. Yana da wani cizo mai ƙarfin 85 wanda ke ninkawa zuwa 170 idan ya riga abokin karawa motsi, sannan baiwar muƙamuƙinsa ta ƙara masa rabi. Kusan babu mai jure shi sai dodon da bugun ruwa ba ya kama shi. Haka Seismitoad, wani kwaɗo da a da ba a damu da shi ba, ya shiga babban aji, domin yana shanye bugun ruwa ya mai da shi lafiya. Da aka kori Dracovish a 2020, kwaɗon ya faɗo daga ajin, alhali ba a rage masa komai ba. Makari ne, kuma makari ba ya daɗewa bayan ciwon ya tafi. Gurbin da ya bari a tawaga sai ya koma hannun waɗanda a da ba su da wurin shiga.

A dambe, hani mafi shahara shi ne na garin kwalba da wasu kan manna a zaren hannu. Shi ne kuma mafi ƙarancin tasiri ga dabara. Kwalba tana yanka fuska, ba ta kai mutum ƙasa, kuma dokar kisa ita ce hannu ko gwiwa su taɓa ƙasa. Babu tsayuwa ko kariya da aka ƙirƙira musamman dominta, saboda haka da aka hana ta jini ya ragu, salon wasa bai motsa ba. Hani na biyu, na akayau, ya fi wannan tasiri: rashinsa ya rage zafin bugun ƙafar gaba, amma ya sauƙaƙa ta, ta fi saurin tashi da saurin komawa mazauninta.

Hanin da ya juya damben shi ne raba shi da kokawa, kuma a nan ne zuciyar wannan maƙala take. A dubi tsayuwar ɗan dambe. Ya ware ƙafafu, ya miƙa hannun garkuwa gaba, tafin a buɗe yana auna tazara, ya ja hannun da aka naɗe da ƙyalle da zare can baya kamar mai shirin jifa. Wannan buɗaɗɗen tafi shi ne mabuɗin lamarin. A zamanin da aka yarda da kamu da kayarwa, duk wanda ya ɗaga ƙafa ya miƙa ta ne ga hannun da ke jira a buɗe. A cafke ta, a tura shi, ya dafa ƙasa, an yi kisa. Mai shuri yana tsaye a kan ƙafa ɗaya a gaban mutumin da tun yana yaro yake kayar da sa a mayanka. Ba doka ce ta hana shuri a wancan lokaci ba, tsadarsa ce ta hana. Kokawa ta danne shi kamar yadda Dracovish ya danne dodannin da ba sa jure ruwa.

Yau idan 'yan dambe suka sarƙe, alƙali ke shiga ya raba su, kuma kaye na kokawa ba ya zama kisa. Hukuncin ɗaga ƙafa ya tafi, ladanta yana nan yadda yake. Na ga hakan ƙarara a wani turmi na biyu da yamma, kalangu na tashi: wani siririn yaro ya yi kamar zai saki hannu, babban abokin karawarsa ya ɗaga garkuwa ya kare fuska, nauyinsa duk ya koma kan ƙafar gaba, sai yaron ya share ta daga ƙasa. Ƙaton ya dafa da tafi ɗaya, ya miƙe ko ƙwarzane babu, amma wasa ya ƙare. Wani tsohon mahauci da ke gefena ya nuna mini da hannu yadda da a zamaninsu zai tare wannan ƙafa ya ɗaga ta sama. Ya yi gaskiya, kuma maganarsa ita ce hujjar.

Makarin kokawa ma ya bi sahun kwaɗon Pokémon. Duƙawa ƙasa sosai, da kafa ƙugu, da sanin yadda ake zame riƙo, duk ilimi ne da ɗan dambe ya buƙata don kada a kayar da shi. Yanzu duƙawar kan kawo kai daidai inda ƙafa ke isa. Shagon da ke koyo a hannun ubangidansa ya fi ɓata lokaci a kan ja da baya da kiyaye tazara, kuma wannan ya fi yi wa dogo mai sauƙin jiki daɗi a kan gajere mai ƙirar ƙarfi.

Ma'aunin yana ba da hasashen da za a iya gwadawa. Masu shirya gasar zamani irin su Dambe Warriors da African Warriors Fighting Championship suna haɗa 'yan wasa bisa nauyi. Wannan hani ne a kan karawar ƙarami da ƙato. Hasashena shi ne dabarun da ƙarami ya tanada domin ƙato, wato zillewa da jan lokaci da jiran kuskure guda, za su ragu a waɗannan gasa, su ci gaba da rayuwa a fagen ƙauye inda har yanzu mutum ke fitowa ya nuna wanda yake so su sa zare.

Iyakokin Bincike

Dole a amince da cewa dambe ba shi da hukuma guda kamar Smogon, ba shi da ƙididdigar wata-wata, kuma rabuwarsa da kokawa ta bi fage-fage ne a hankali, saboda haka ba a iya ja layi a ce ga kafin hani ga bayansa. Shaidar tsofaffin 'yan dambe tana ɗauke da son zamaninsu. Haka kuma ɗan dambe ba nasara kaɗai yake nema ba, akwai suna da kuɗin da 'yan kallo ke liƙawa, kuma kisan hannu ya fi kisan share ƙafa tayar da fage, abin da zai iya rage saurin sauyin da aka hasaso. Waɗannan duka sun shafi girman sauyin da lokacinsa. Alkiblarsa kuwa mai ja zai iya gwada ta da kansa: ya nemi fage guda ya dawo da kamu na kaka ɗaya, ya ƙirga sau nawa ƙafa za ta bar ƙasa.