Haƙƙin Mai Fili da Dokar Haƙar Ma'adinai

Sau da yawa jama'a kan tambaye mu: idan aka gano zinariya ko kuza a ƙarƙashin gida ko gonar mutum, ta wace ce? Mun ga ya dace mu bayyana matsayin doka, domin rashin saninta shi ne tushen yawancin rigingimun da kan tashi tsakanin masu filaye da kamfanonin haƙar ma'adinai.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ma'adinan da ke cikin ƙasa. Ita kuwa Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun Gwamna. Ke nan mai takardar shaidar mallakar fili, ko wanda ya gaji gona daga kakanninsa, yana da ikon zama da noma a bisa filin, amma abin da ke binne a ƙasa ba nasa ba ne. Haka kuma gwamnatin jiha ba ta ba da lasisin haƙa. Wannan aikin Ofishin Rajistar Lasisin Ma'adinai ne na Tarayya da ke Abuja.

Inda saɓani yake tasowa

Dokar Ma'adinai ta 2007, a sashe na 22, ta fifita haƙar ma'adinai a kan sauran hanyoyin amfani da fili. Idan aka ba kamfani lasisin haƙa a filin da wani ke riƙe da shi, dokar ta umurci Gwamna ya soke izinin mai filin cikin kwana 60. Lasisin babban kamfani kan kai shekara 25, na ƙananan masu haƙa kuwa shekara 5.

Kariyar da mai fili yake da ita

Duk da haka, doka ba ta bar talaka kara zube ba:

1. An hana ba da lasisi a wurin da gari, ƙauye, kasuwa ko maƙabarta suke.
2. Wajibi ne a sanar da mai fili, a kuma nemi amincewarsa; in bai yarda ba, ana iya ba da lasisin ba tare da filin nasa ba.
3. Kamfani zai biya kuɗin hayar fili a kowace shekara, da diyyar gine-gine, amfanin gona da itatuwa masu amfani.
4. Kafin fara aiki, dole ne kamfani ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, wadda ake sake dubawa duk bayan shekara 5.

Darasi daga tarihi

Har yau ramukan kuza da aka bari tun zamanin mulkin mallaka suna nan cike da ruwa a Jihar Filato, sun cinye filayen noma. A shekarar 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara, musamman a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar saboda matsalar tsaro, sai a Disamban 2024 ta ɗage dakatarwar.

Shawararmu ga jama'a

Kada kowa ya sa hannu a takardar amincewa sai an karanta masa ita, ya fahimci abin da ta ƙunsa, a gaban shaidu da hakimi ko dagaci, ya kuma riƙe kwafi. A nemi ganin lasisin duk wanda ya zo da kayan haƙa. Mai ƙorafi ya kai kukansa ga Kwamitin Kula da Ma'adinai da Muhalli na jiha, wanda dokar 2007 ta kafa, ko ya garzaya kotu, maimakon ɗaukar doka a hannunsa.