Shirwar Takarda da Sunan da Ake Rubutawa a Kanta

Abin wasan nan na takarda da ake ɗaura wa zare a bar iska ta yi sama da shi, mutanen Koriya suna ce masa yeon. Harafin Sinancin da ake rubuta kalmar da shi sunan tsuntsu ne, shirwa, mai shawagi ba tare da yawan kaɗa fiffike ba. A littafin Samguk Sagi, wanda Kim Bu-sik ya kammala a 1145, an kira shi pungyeon, shirwar iska, kuma labarin yaƙi ne ya kawo shi. A 647 wani mai suna Bidam ya yi wa sarautar Silla tawaye, sai tauraro ya faɗo kusa da fadar sarauniya, sojojinta suka karaya. Janar Kim Yu-sin ya sa aka ɗaura wa wata shirwar takarda mutum-mutumi mai ci da wuta aka tashe ta da dare, washegari aka baza cewa tauraron jiya ya koma sama.

Wadda ta fi shahara ita ce bangpae-yeon, shirwar garkuwa, don ta yi kama da garkuwa: kusurwa huɗu, takardar gargajiya da ake kira hanji, tsinken gora biyar, da zagayayyar kafa a tsakiya. Ta wannan kafa iska ke wucewa, shi ya sa ba sai an sa mata jela ba, kuma take saurin juyawa a faɗan zare, inda ake shafe zaren da danƙo da garin fasasshen tangaran don ya datse na abokin karawa. Ta yara kuwa, gaori-yeon, sunan wani faffaɗan kifi mai jela ta ci.

Sunan da ya fi jan hankalina shi ne aengmagi-yeon, shirwar tare musiba. A al'adance, ranar 15 ga watan farko na kalandar wata, wato Daeboreum, ake rufe lokacin wasan. Sai yaro ya rubuta songaek a jikin takardar, ma'ana sallamar musiba, ya ƙara da sunansa da ranar haihuwarsa, ya saki zare har ya ƙare, sannan ya tsinke shi. A da, wanda aka gani yana wasan bayan wannan rana sai a tsokane shi da gori baekjeong, sunan masu saƙa kwando da ake raina wa asali. Zolaya ce mai cizo, amma tana kora mutane gona.

To, sunan da yaron ya rubuta ɗin, rabinsa ba nasa ba ne shi kaɗai. A gidajen da ke riƙe da littafin asali, jokbo, gaɓa ɗaya cikin biyun sunan yanka tun kafin a haife shi dangi suka tsara ta. Ita ce dollimja, kuma duk 'yan'uwa maza na tsara ɗaya da ita suke amsawa, har 'ya'yan baffanni. Da jin sunan mutum dangi sun san matakinsa. Linda Sue Park ta yi amfani da wannan a littafinta The Kite Fighters na 2000, labarin wa da ƙane a Seoul ta 1473, Kee-sup mai ƙera shirwa da Young-sup gwanin tashinta.

Duk da haka ƙane ba ya kama sunan wansa. Bahaushe "Yaya" ya ishe shi, namiji ko mace. Can kuwa sai an duba mai kiran: yaro ya ce wa wansa hyeong, yarsa nuna, yarinya ta ce wa wanta oppa, yarta eonni. Kalma huɗu ga na gaba. Na baya kuwa ɗaya ce tal, dongsaeng, wanda aka haifa ciki ɗaya, kuma shi da sunansa ake kiransa kai tsaye.

Sai dai kada wannan ya sa a ɗauka babban ɗa ya mallake komai tun fil azal. A farkon daular Joseon, zamanin da Park ta ɗora labarinta, 'ya'ya maza da mata kusan daidai suke raba gado, kuma bukin tuna kakanni, jesa, a gidaje da yawa karɓa-karɓa ake yin sa. Sai daga ƙarni na 17 ne jangnam, ɗan fari namiji, ya tattara jesa a hannunsa, kaso mafi tsoka na gado ya bi shi.